Kuranga da Sanda

Romawan dā suna da wata kalma guda da manomi da soja suke faɗa, amma kowannensu da abin da yake gani a zuciyarsa in ya faɗe ta. Kalmar ita ce vitis. Idan manomi ya ce vitis, kurangar inabi yake nufi, wadda ya dasa, ya kafa mata abin hawa, yake jiran 'ya'yanta. Idan soja ya ce vitis, sandar da ke hannun shugabansa yake nufi, wadda ake zane shi da ita in ya yi laifi, wani lokaci ma ba da laifin komai ba. Dalilin da ya sa abu biyun suka haɗa suna shi ne itacensu ɗaya ne. Sandar nan reshen inabi ce da aka sare, aka bari ya bushe.

Wannan kalma ce Kiristocin ƙasashen yamma suka yi ta ji fiye da shekara dubu, duk lokacin da aka karanta musu sura ta 15 ta Bisharar Yohanna, inda Ubangijinmu ya kwatanta kansa da itacen inabi, mu kuma da rassansa. Shi ya sa ta cancanci mu tsaya a kanta. Tambayar da take ɗauke da ita ta shafi uba da uwa, malami da fasto, dattijon ikilisiya da maigidan sana'a. Mutumin da aka ɗora a kan waɗansu, da me za a auna shi? Da tsoron da ake yi masa, ko da abin da ya haifar a rayuwar na ƙasa da shi?

Inda kalmar ta fito

Masu binciken asalin kalmomi sun bi sawun vitis har zuwa wata tsohuwar saiwa mai ma'anar murɗawa, lanƙwasawa ko kitsawa. Daga saiwar nan harshen Latin ya sami viere, wato a saƙa rassa masu laushi. Daga ita ya sami vimen, tsumagiyar da ake saƙa kwando da ita, da kuma vitta, ɗan ƙyallen da mata da firistoci suke ɗaurawa a ka. Duk 'yan ɗaki ɗaya ne, abin da ya haɗa su kuwa shi ne laushin da ke sa abu ya tanƙwaru bai karye ba.

Mutanen da suka raɗa wa wannan tsiro suna ba su dubi zaƙin 'ya'yansa ko ruwan da ake matsewa daga cikinsu ba. Yadda yake girma suka duba. Wanda bai taɓa ganin gonar inabi ba, ya tuna da duma ko kabewa a jikin danga. Inabi ba ya tsayawa da ƙafarsa kamar tsamiya. Yaɗo yake yi, yana miƙa waɗansu siraran zarurruka da ke lalube cikin iska har su taɓa wani abu, da sun taɓa kuwa sai su naɗe shi su riƙe. Saboda wannan murɗewa ce Faransawa har yau suke kiran ƙusar nan mai zare da ake ɗaurawa da sukudireba vis, kalmar da suka gada daga vitis. A shekara ta 1753 masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Karl Liniyus, ya tabbatar da tsohuwar kalmar a ilimin kimiyya, ya kira inabin da ake nomawa Vitis vinifera, wato kuranga mai ba da ruwan inabi.

Su ma mutanen dā sun yi tunani a kan asalin sunan. Isidor, bishop na birnin Sebil a ƙasar Sifen, wanda ya rasu a shekara ta 636, ya rubuta babban littafi a kan asalin kalmomi. Da ya zo kan vitis ya kawo bayani biyu. Na farko ya danganta ta da vis ta Latin, wato ƙarfi, domin inabi yana da ƙarfin kama ƙasa da sauri. Na biyu ya danganta ta da ɗauri, domin rassan suna sarƙe juna, suna kuma ɗaure kansu a jikin itatuwan da ke kusa. Masana na yanzu sun ga bayani na biyu ne ya fi kusa da gaskiya. Amma yana da kyau mu lura da abin da ke gaban Isidor, ƙarfi a hannu guda, riƙo a ɗaya hannun, domin tarihin kalmar duka a tsakanin waɗannan biyu yake kai da komowa.

Akwai wata jaraba da ke samun mai wa'azi a nan. Vitis ta yi kama da vita, wato rai, kuma da daɗin faɗi a ce kuranga da rai kalma ɗaya ce. Ba haka ba ne. Vita daga wata saiwa dabam ta fito, 'yar'uwar vivere ce, wato a rayu. Gaskiyar Bishara ba ta bukatar a tokare ta da bayanin da ba daidai ba.

Tun da inabi ba ya tsayawa shi kaɗai, manoman Italiya sukan dasa shi a gindin manyan itatuwa su bar shi ya hau. Wannan aiki suna kiransa aurarwa, itacen da ba inabi a jikinsa kuwa mawaƙansu sukan ce da shi gwauro. Wani littafin Kiristocin farko mai suna Makiyayi, wanda wani mai bi da ake kira Harmas ya rubuta a Roma a ƙarni na 2, ya ɗauki wannan hoto ya yi misali da shi. Ya nuna cewa kurangar da ta hau itace takan yi 'ya'ya masu yawa masu kyau, wadda aka bari a ƙasa kuwa 'ya'yanta kaɗan ne, su ma ruɓewa suke yi. Ya kwatanta itacen da kurangar da mawadaci da matalauci mai addu'a, kowane yana bukatar ɗan'uwansa. Wannan ita ce ma'anar vitis ta farko: abu mai rai wanda ba ya jin kunyar jingina.

Yadda kuranga ta zama sanda

Sai kalmar ta shiga sansanin soja. Babbar rundunar Roma tana da shugabanni 60 da ake kira centurio, waɗanda muke karantawa a Sabon Alkawari a matsayin jarumi ko shugaban sojoji ɗari, ko da yake a zamanin manzanni mutanen da ke ƙarƙashin kowannensu wajen 80 ne. Su ne ƙashin bayan runduna. Su suke koya wa sabon soja tafiya da riƙe makami, su suke raba aiki, su kuma suke tsayawa a sahun gaba ranar yaƙi. Alamar muƙaminsu sandar reshen inabi ce mai tsawon kamar kamu biyu. Kamar yadda a wurinmu in an ce an ba wane sanda kowa ya san sarauta aka ba shi, haka a Roma in an ce mutum yana neman vitis, muƙamin jarumi yake nema.

Suna alfahari da ita har kabari. A gidan kayan tarihi na birnin Bon a Jamus akwai dutsen tunawa da wani jarumi mai suna Markus Kailiyus, na runduna ta 18, wanda ya mutu yana da shekara 53 a yaƙin da Jamusawa suka hallaka rundunoni uku na Roma a shekara ta 9 bayan haihuwar Almasihu. Ɗan'uwansa ne ya sa aka sassaƙa dutsen. An zana shi da lambobin yabo a ƙirji, a hannunsa na dama kuma yana riƙe da sandar inabi.

Filini Babba, marubucin Roma na ƙarni na 1, ya yabi inabi a littafinsa na tarihin halitta, cikin yabon kuma ya ambaci wannan sanda, yana ganin ko hukunci ma in da ita aka yi, to da daraja aka yi shi. Akwai tarihi a bayan wannan magana. An rubuta cewa sa'ad da janar Sifiyo ya je gyara tarbiyyar sojojin da ke yaƙi da birnin Numantiya a Sifen, a shekara ta 134 kafin haihuwar Almasihu, in ya kama soja ya fita daga sahu, in ɗan Roma ne da reshen inabi ake dukansa, in baƙo ne da sandar wani itace. Wato har a duka akwai ɗan gata. Amma bayan da ke shan bulala bai san bambancin itace ba.

Tasitus, marubucin tarihin Roma, ya ba da labarin abin da ya faru a shekara ta 14, bayan rasuwar Kaisar Augustas, wanda sunansa yake a farkon labarin haihuwar Yesu a Bisharar Luka. Rundunoni uku da ke lardin Fanoniya, wajen ƙasar Hungari ta yau da maƙwabtanta, suka yi tawaye. Kukansu shi ne mutum yakan yi shekara 30 ko 40 yana aikin soja, albashi kaɗan, daga cikinsa kuma zai sayi tufafi da makami, ya kuma ba jarumi toshiya domin ya sassauta masa. A cikin jarumawan akwai wani Lusiliyus, wanda sojoji suka yi wa laƙabin da a Hausa za a ce Miƙo Wata. In ya karya sandar inabi a bayan soja, sai ya ɗaga murya a miƙo masa wata, in ita ma ta karye, a miƙo wata kuma. Da tawaye ya tashi suka kashe shi, sauran jarumawa suka gudu suka ɓuya. A rundunonin da ke bakin kogin Rain ma haka aka yi a shekarar, sojoji suka kama jarumawansu suna yi wa kowane bulala 60, daidai da yawansu a runduna.

Ga inda kalmar ta kai. Ta fara da ma'anar abin da ke lanƙwasa kansa domin ya riƙe wani, ta ƙare da ma'anar abin da ake lanƙwasa wani da shi har ya karye. Tsakanin ma'ana ta farko da ta biyu abu ɗaya ne ya faru: an raba reshe da gindinsa.

Reshen da aka sare

Dole mu faɗi gaskiya cewa Ubangiji Yesu bai yi wa almajiransa magana da Latin ba, Yohanna kuma da Helenanci ya rubuta Bishararsa, kalmar da ya yi amfani da ita ba ta da ma'anar sandar soja. Amma da aka juya Bishara zuwa Latin, har Jerom ya gyara juyin tsakanin shekara ta 382 da 384, kalmar da ta zauna a wurin ita ce vitis. Saboda haka tsohon sojan da ya tuba ya zauna cikin taron masu bi a Roma ko a Kartaj, da tabon sanda a bayansa, ya ji Mai Ceto yana kiran kansa da sunan abin da aka yi ta dukansa da shi. Sai dai wannan vitis ɗin ba a sare take ba. Tana da rai, tana ɗauke da rassanta, tana shayar da su.

Annabi Ezekiyel a sura ta 15 ya yi wata tambaya da kowane masassaƙi zai gane. Ya tambaya ko itacen inabi ya fi sauran itatuwan jeji da wani abu, ya kuma nuna cewa ko maratayin da za a rataya tukunya ba a iya yi da shi, sai dai a sa a wuta. Augustin, bishop na Hiffo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya tuna da wannan sura sa'ad da yake wa'azi a kan Yohanna 15. Ya koyar cewa wuri biyu kaɗai reshen inabi yake da shi, jikin kuranga ko cikin wuta.

Sojojin Roma kuwa kamar sun samo masa wuri na uku, wato hannun mai iko. A nan haɗarin yake, domin wannan wuri na uku yana da kwarjini. Busasshen reshe ya fi ɗanye tauri, mu kuma muna saurin ɗaukar tauri a matsayin ƙarfi. Mutum yana iya rabuwa da Almasihu a zuciyarsa shekaru da yawa, addu'arsa ta mutu, tausayinsa ya ƙafe, amma yana nan a kujerarsa. Har ma yakan zama kamar ya fi dā iya aiki. Ba ya jinkiri wajen yanke hukunci, ba ya jin nauyin kowa, in ya shigo kowa ya yi tsit. Mutane su ce, wane ba ya wasa. Reshe ne da ya bushe, aka ɗauke shi aka mai da shi sanda. Wurin nan na uku zango ne kawai a kan hanyar wuta, Lusiliyus ma bai daɗe a cikinsa ba.

Alamar reshe mai rai ita ce har yanzu yana tanƙwaruwa. Yana iya sauraro, yana iya cewa na yi kuskure, yana iya sunkuyawa ƙarƙashin nauyin 'ya'yan da yake ɗauke da su. Sa'ad da Bulus ya lissafta albarkar Ruhu a Galatiyawa 5, abubuwan da ya ambata sun haɗa da haƙuri, kirki, tawali'u da kamunkai. Ba ɗaya daga cikinsu da busasshen itace zai iya haifarwa.

Amma ai manomi ma yana yanka

Wani zai ce, wannan magana tana da daɗi, amma gida ba ya zama ba tsawatarwa, makaranta ba ta tafiya ba horo, ikilisiya kuma in ta bar zunubi ya yi yadda ya ga dama za ta lalace. Zai ƙara da cewa littafin Karin Magana ya yi zancen sanda, Zabura 23 ma ta ambaci sandar makiyayi a matsayin abin ta'aziyya. Gaskiya ne, kuma bai kamata a tsallake wannan ba. Runduna marar tarbiyya masifa ce ga ƙauyukan da take ratsawa. Uban da ba ya cewa a'a ba ƙauna yake yi ba, gudun wahala yake yi. A cikin Yohanna 15 ɗin ma akwai wuƙa, domin manomi yana datse reshen da ke ba da 'ya'ya saboda ya ƙara bayarwa.

Masu noman inabi sun san ba a wasa da datsa. Inabi yana yin 'ya'ya ne a kan sabon tohon da ya fito daga reshen bara, saboda haka kowace shekara ana yanke mafi yawan abin da ya tsiro, a bar idanu kaɗan. Romawa sun ɗauki aikin da muhimmanci har Filini ya rubuta cewa wata tsohuwar dokarsu ta hana a miƙa wa allolinsu ruwan inabin da ya fito daga kurangar da ba a datse ba. Kurangar da aka ƙyale takan cika da ganye, ta yi kyan gani, 'ya'yanta su tsumbure.

To, mene ne bambancin wuƙar manomi da sandar Lusiliyus, tun da duka biyu suna da zafi?

Manomi yana yanka ne saboda kurangar, Lusiliyus kuwa yana duka ne saboda abin da ke cin zuciyarsa. Manomi yana da lokaci, yana jira sai damunar inabi ta wuce, kuranga ta yi barci cikin sanyi, sannan ya zo da wuƙa mai kaifi domin kada ya yage reshe. Mai fushi ba ya jiran lokaci. Manomi kuma ya san inda zai tsaya, domin in ya wuce iyaka bana ba girbi. Shari'ar Musa ta sa iyaka ga bulala, a Maimaitawar Shari'a 25 an ce kada ta wuce 40, dalilin da aka bayar kuwa shi ne kada ɗan'uwa ya ƙasƙanta a idon mai dukansa. Wanda ake hukuntawa bai daina zama ɗan'uwa ba. Iyakar Lusiliyus kuwa ƙwarin itace ce kawai, in ta karye ma sai a miƙo wata.

Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sau da yawa kuma mukan faɗi haka da bulala a hannu. Amma karin maganar tanƙwarawa ta ce, mai saƙar kwando kuwa ya san in ya matsa wa tsumagiya da ƙarfi karyewa za ta yi, aikin ya ɓaci. Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa 6 kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Bitrus ya gargaɗi dattawan ikilisiya, a wasiƙarsa ta fari sura ta 5, kada su yi wa garke mulkin danniya, su zama abin koyi. Bulus da kansa, da yake magana a kan ikon da Ubangiji ya ba shi, ya faɗa wa Korintiyawa sau biyu a wasiƙarsa ta biyu cewa na ginawa ne, ba na rushewa ba.

Abu mafi muhimmanci kuma, a misalin Yesu manomin Uba ne. Mu duka rassa ne, daga bishop har yaron makarantar Lahadi. Duk wanda aka ba shi ikon tsawata wa wani, shi ma yana ƙarƙashin wuƙar.

Mutanen da suka riƙe sandar

Abin mamaki ne yadda Sabon Alkawari yake ambatar masu wannan muƙami da alheri. Jarumin Kafarnahum, a Luka 7, ya damu da bawansa da ke bakin mutuwa, dattawan Yahudawa kuma suka shaida cewa shi ya gina musu majami'a. Da zai bayyana dalilin da ya sa ya gaskata kalmar Yesu kaɗai ta isa, ya fara da cewa shi kansa a ƙarƙashin iko yake, sannan ya ambaci sojojin da ke ƙarƙashinsa. Ya san umarninsa yana da nauyi ne saboda yana haɗe da wanda ya fi shi. Yesu ya yi mamakin bangaskiyarsa. Jarumin da ke tsaye a gaban gicciye, a Markus 15, shi ne ya shaida cewa wanda ya mutu ɗin Ɗan Allah ne. Karniliyus na Kaisariya, mai sadaka da addu'a, a gidansa Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai. Yuliyas kuma, a Ayyukan Manzanni 27, da jirgi mai ɗauke da mutum 276 ya fashe, sojoji suka yi shawarar kashe fursunoni kada su tsere, shi ne ya hana su domin yana so ya ceci Bulus. Ikon da ke hannunsa ya zama inuwa ga waɗanda ba su da mai kare su.

Akwai kuma wanda ya ga dole ya ajiye sandar. A shekara ta 298 wani jarumi Kirista mai suna Marsilus, a ranar bikin haihuwar sarakunan Roma da ake yi da hadayu ga gumaka, ya jefar da ɗamararsa ta soja da sandarsa ta inabi a gaban jama'a, ya bayyana cewa shi bawan Yesu Almasihu ne. Aka yi masa shari'a a birnin Tanja, a ƙasar Maroko ta yau, aka kashe shi. Yuliyas ya riƙe muƙaminsa ya ceci rayuka da shi, Marsilus ya yar da nasa ranar da riƙe shi zai raba shi da Ubangijinsa. Dukansu sun san wace vitis ce ta fi daraja.

A gidajenmu

Ina rubuta wannan da kunya, domin na san ɗanɗanon sandar daga wajen mai riƙewa. Wata rana na dawo gida da ɓacin ran da aka yi mini a wurin aiki, inda ban iya ramawa ba. Na tarar ɗana ya fasa wani kofi, abin da kuɗinsa bai kai na sabulu ba. Na yi masa hukuncin da ya fi laifin nesa ba kusa ba, ina kuma faɗa wa kaina tarbiyya nake yi. Da dare mahaifiyarsa ta ce mini, "Maigida, ba kofin nan ka daka ba." Ban amsa ba, domin na san gaskiya ta faɗa. Washegari na kira yaron na roƙe shi gafara, ya tsaya yana kallona kamar bai gane harshen da nake yi ba. Wannan kallo ya nuna mini tsawon lokacin da na yi ina bushewa ban sani ba.

Sanda ba lalle ta itace ba ce. Harshe ma sanda ne. Hana kuɗin cefane domin a ladabtar da mace sanda ne. Ambaton laifin mutum daga bagade ba tare da an fara zuwa wurinsa a keɓe ba, kamar yadda Matiyu 18 ya koyar, sanda ne. Riƙe albashin yaron shago, da tsorata 'yar aikin gida wadda iyayenta suke nesa, duk sanda ne. Kafin mu ɗaga ko wacce daga cikinsu, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu a gaban Allah: don wa nake yin wannan, shin lokacinsa ne, a ina zan tsaya, kuma yaushe rabona da in bar Ubangiji ya datse ni?

Ga wanda kuma yake ƙarƙashin sandar wani a yau, ka sani Almasihu bai tsaya a gefen mai duka ba. Sojoji sun yi masa bulala, sun ƙwace sandar karan da suka danƙa masa don ba'a suka buge shi da ita a ka. Wanda ya kira kansa kuranga ya san zafin sanda a jikinsa. Neman taimako wurin dattawa masu tsoron Allah ko wurin hukuma, in ana cutar da kai ko 'ya'yanka, ba rashin haƙuri ba ne. Bulus ma da aka miƙe shi za a yi masa bulala ba bisa doka ba, a Ayyukan Manzanni 22, ya buɗe baki ya yi wa jarumin magana, aka kuwa fasa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, manomin gonarka, ka riƙe mu a jikin Ɗanka domin kada mu bushe. Inda ka ɗora mu a kan waɗansu, ka sa su sami inuwa da 'ya'ya a wurinmu. Inda muka karya wani da hannunmu ko da harshenmu, ka ba mu tawali'un komawa mu nemi gafara. Ka datse mu yadda ka ga ya dace, ka kuma ba mu haƙurin jiran girbi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.